Kusurwar da Babban Gilashi Ya Tare

Auta ce ta aiko mini da kyamarar, kuma ta aiko ta ba gilashi. Na buɗe kwali na ciro wani ɗan ƙarfe baƙi mai nauyi, gabansa rami ne an toshe da marfi, bayansa sumul, babu allon nan da ake duba hoto. Na juya ta sama da ƙasa, na ce yarinyar nan an cuce ta, an sayar mata da mota ba taya.

Da na kira ta sai ta yi dariya. "Baba, haka take. Gilashin kuwa, kai za ka zaɓa. Na gama magana da mai shagon da ke bayan tashar jirgin ƙasa, gilashi ɗaya da 'yan tarkacen da kake buƙata. Ni dai abu ɗaya nake so."

"Na san shi," na ce.

"Fuskar Mama."

Tun ciwon da ya kwantar da uwar Auta, ɓarin fuskarta na hagu ya ɗan saki, baki ya karkace kaɗan. Ta warke, tana tafiya, tana girki, tana yi mini faɗa kamar da. Amma gefen mayafi ya koma zama a kan bakinta, ko mu biyu ne a ɗaki. In Auta ta kira ta bidiyo sai ta kwantar da wayar a cinya tana kallon sama. Auta ta ce ta san fankar ɗakinmu har inda fenti ya goge. Ga shi tana da tsohon ciki a can nesa inda take aiki, likita ya hana ta tafiya, mu kuma ba mu da halin zuwa.

"Ina so in shiga ɗakin haihuwa da fuskarta a hannuna," in ji ta. "Ba tsohon hoto ba. Ta yanzu. Waya kam ta tsane ta. Amma ta saba ganinka da kyamara tun kana aikin jirgi, wataƙila ta saki jiki."

Gaskiya ne na riƙe kyamara a zamanin da nake shafa wa injin jirgin ruwa mai. Ban yi nisa a boko ba, amma na taka tashoshi da yawa, kuma duk inda na sauka sai na leƙa abin da mutane suke sayarwa da yadda suke ƙarya a kansa. Daga nan aka laƙaba mini Kyaftin, ni da ban taɓa riƙe sitiyari ba. Waccan kyamarar tawa ta cikin gilashin kanta ake leƙawa. Abin da ka gani shi ka samu, abin da ba ka gani ba babu shi. Da wannan sanin na tafi shago.

Mai shagon siririn mutum ne, a haife na haife shi. Ba ya taɓa kaya sai ya sa farar safar hannu, shi ya sa 'yan layin suke ce masa Likita. Ya shimfiɗa koren ƙyalle a kan kanta, ya jera gilasai kamar mai shirin yi wa wani aiki.

"Baba Kyaftin, bismillah. Fara leƙa 'yar tagar nan ta gefen kyamarar."

Na leƙa. Shago ne tas, kamar ba komai a gaban idona, sai wasu siraran layuka masu haske da suka zana ɗaki a tsakiya. A can ciki kuma wani ɗan fili, inda agogon bango ya zama biyu.

"Likita, kyamarar nan ta sha wani abu? Agogonka biyu take gani."

"Juya zoben gilashin a hankali."

Na juya. Agogo ɗaya ya taso yana matsowa kusa da ɗan'uwansa, yana matsowa, har suka haɗe suka zama ɗaya. Wallahi sai da na ji tsigar jikina ta tashi. Haka jirgi yake matsowa gefen tasha, a hankali, har ka ji ya sumbaci tayoyin da aka rataya. Na sake raba su na sake haɗa su. Na yi da kwalbar ruwa, na yi da hancin Likita. Na tambaye shi me ke ciki da yake yin haka, ya ce 'yan madubai ne da wani ɗan hannu da gilashin yake turawa. Na so ƙwarai ya buɗe in gani, ya ce ko shi bai isa ba.

Muka shiga gwaji. Ya ɗaura gilashin da ake ce wa casa'in, layukan suka tsuke suka koma kamar kwalin ashana a tsakiyar taga. Na ce wannan na maharba ne, ni ba farauta zan yi a ɗakina ba. Ya ɗaura ashirin da takwas, layukan suka gudu can gefe, da tabarau a idona ban ma gan su ba sai na yi ta juya ido kamar ɓarawo a kasuwa. Nan ya kawo wani ɗan gilashi kamar maɓallin riga, ya murɗa shi a bakin tagar, ya ce in cire tabarau. Na cire, na leƙa, na ga komai garau. Wannan kam ban yi musu ba, na ce a ajiye mini.

Sauran tarkacen ne muka yi ta ja. Ya fito da rigar fata ta kyamara, na ce ba ta jin sanyi. Ya fito da wani ɗan ƙusa mai faɗin kai da ake murɗawa a kan maɓallin ɗauka, wai yana sa dannawa ta yi laushi. Na ce maɓalli a kan maɓalli, gobe kuma a kawo wanda za a ɗora a kan wannan. Ya fito da wani lanƙwasasshen ƙarfe da babban yatsa yake jingina a kai.

"Likita, yatsan nan ya riƙe sifana a cikin guguwa. Bai nemi matashin kai ba."

"To, Baba. Yana nan dai."

Igiyar wuya na zaɓa da kaina, na ja ɗinkinta, na duba zoben. Na karɓi batir na biyu, don na san halin batir, ranar da kake buƙatarsa yake mutuwa.

Gilasai biyu suka rage, duka talatin da biyar, daidai faɗin ɗakinmu. Ɗaya ƙarami, kamar murfin kwalba, ba ka ma jin nauyinsa. Ɗayan babba, mai faffaɗan ido, ga wata hula ta ƙarfe a bakinsa mai tare rana. Likita ya ce babban yana ganin abu ko haske ya yi ƙasa. Da na ɗaura shi na leƙa sai na ga hancinsa da hularsa sun shigo cikin taga, sun cinye kusurwar ƙasa ta dama ɗungurungum.

"Wannan ai yana cin hoto," na ce.

"Yawwa, Baba, abin da ya kamata ka sani game da wannan kusurwar shi ne..."

Na ɗaga masa hannu. Na daɗe a duniya. Mai sayarwa in ka nuna masa aibin kaya mai tsada ya fara da "abin da ya kamata ka sani", to aljihunka yake aunawa.

"Na gani da idona, Likita. Ba sai ka sa masa gishiri ba."

Ya dube ni. Ya ce in tafi da duka biyun in gwada zuwa ƙarshen mako, in dawo da katin da ke adana hotunan ya nuna mini su a kwamfuta. Ya ce da rana in bar zoben daidaita haske a kan lamba takwas, na kusa da na nesa duk za su fito.

A gida da ƙaramin na fara. Uwar Auta tana zaune tana saƙa wata 'yar hula ta jariri. Tana ganin na rataya abu a wuya ta ja mayafi ta tashi.

"Kyaftin, kar ka soma."

"Kyanwa zan ɗauka."

"Kyanwa ba ta da 'ya a wata ƙasa. Na san wanda ya aiko ka."

Amma ita ma tana da son ganin ƙwaƙwaf, shi ya haɗa mu tun farko. Ta tsaya a bakin ƙofar kicin ta ce in miƙo ta gani. Ta leƙa ta ƙaramin, ta zagaya ɗakin da shi, ta ce, "Wannan ɗan ba ya barin kowa." Na cire na ɗaura babban na ba ta.

"Mene ne wannan baƙin a ƙasa?"

"Hancin gilashin ne. Ya tare wurin."

"To abin da ke wurin fa?"

"Uwargida, abin da ban gani ba ta ina zan ɗauke shi?"

"Ka tabbata?"

"Ni za a koya wa kyamara? In ba ki cikin taga ba ki cikin hoto. Na ba ki bakina."

Ta sake leƙawa. Sai ta miƙo mini, ta jawo 'yar kujerarta ta tsuguno, ta kai ta ƙarƙashin tagar ɗakin daga dama, ta zauna.

"To ga wurina. Ɗauki kyanwarka. Ina nake?"

Na ɗaga, na daidaita har hular gilashin ta rufe ta. "Kin ɓace."

"Madalla."

Na ce a raina ba laifi. Tsuntsun da ya yarda ya zauna kusa da tarko, wata rana zai saba da ƙararsa. Bari ta saba da ɗan "tsik" ɗin nan, daga baya in lallaɓa ta da baki. Kuma na riƙe amana. Duk abin da zan ɗauka sai na fara tura ta bayan hula.

Kwanakin nan na ɗauki abin da ba wanda ya taɓa ɗauka. Kyanwa a kan kujera, kyanwa ta bar kujera. Rediyo. Labule iska na kaɗa shi. Takalmana a bakin ƙofa. Na gano wani abu da ya burge ni: tunda tagar ta fi layukan faɗi, ina ganin kyanwa tun tana waje kafin ta shigo cikin hoton, sai in jira ta kamar mai jiran baƙo. Maƙwabcinmu mai aski ya leƙo wata rana da hantsi, ya tarar da ni durƙushe ina haɗa rediyo biyu su zama ɗaya, ya ce, "Kyaftin, in abin ya kai haka akwai asibiti." Na sa shi ya zauna na ɗauke shi shi ma, ya gyara gashin baki ya ƙame kamar gunki.

Ita kuwa daga kusurwarta ba abin da take yi sai tsiya. "Kyanwar ta tafi tun ɗazu, Kyaftin, kujera kake ɗauka." "Wai rufe ido ɗayan dole ne? Ka ga fuskarka kuwa?" Ban gan ta ba, hula ta tare. Amma kunnena ya gaya mini wani abu. Muryarta ta daina fitowa ta cikin ƙyalle. Dariyar tana fitowa wasai, irin wadda na daɗe ban ji ba. Sau da yawa na so in sauke kyamarar in duba, sai in tuna da zarar na sauke mayafin zai koma. Na bar ta a idona har wuyan hannuna ya yi tsami.

Na gwada lallashin, ranar da ta fi sakin jiki. Na ce ko guda ɗaya, saboda Auta. Ta ajiye saƙa ta shiga kicin, ranar ba ta sake zama ba.

Ƙarshen mako na koma shago jiki a sanyaye. Niyyata in mayar da babban, tunda nauyi gare shi kuma yana cin kusurwa, in ɗauki ƙaramin, in kira Auta in ce mata tsohonta ya kasa.

Likita ya sa safarsa ya zare katin ya cusa a kwamfuta. Hoton farko ya fito. Kyanwa ce, rabinta ta fita. Ga kujera, ga labule. A kusurwar ƙasa ta dama kuma ga uwar Auta zaune, hasken taga a kan kumatunta, mayafi a kafaɗa, tana ƙirga idon saƙa da leɓe.

Na ce, "Kai!"

Ya wuce na biyu. Rediyo, da ita tana nuna ni da tsinken saƙa. Na uku, mai aski ƙame, ita kuma ta kifa kai tana dariyarsa. Duk inda ya danna tana nan.

"Likita, wane irin tsafi ne wannan? Wurin nan baƙi ne a taga."

"A taga, Baba. Tagar daban, gilashin daban. Kai ta gefe kake leƙe, hancinsa ya tare maka. Shi kuwa gabansa yake kallo, ba abin da ya tare masa. Abin da na so gaya maka ke nan ka ce kar in sa gishiri."

Yana da tarbiyya, yaron. Ya juya ya shiga goge wani gilashin da ba datti a jikinsa, ya bar ni da allon. Na jawo kujera na zauna. Matata ce, muna ɗaki ɗaya, amma rabon da in ga fuskarta duka a hasken rana tun kafin ciwon. Bakin ya karkace, gaskiya ne. In tana dariya ɓari ɗaya yana rigan ɗayan tashi. Na yi ta kallo ina neman abin da take ɓoyewa haka, ban same shi ba.

"In tura wa Auta yanzu?" in ji Likita, bai juyo ba. "Ina da lambarta."

Ba zan ce ban yi sha'awa ba. Dannawa ɗaya ne, yarinya ta samu abin da take so, uwar kuma ba za ta sani ba sai bayan an haihu, lokacin da farin ciki zai rufe faɗa. Na san irin wannan lissafin, na ga an ci riba da shi. Amma na ba matar nan bakina, kuma a kan bakin nawa ta sauke mayafi.

"A'a. Wanke mini su a takarda. Mai kayan ba ta san an ɗauko ba."

Da la'asar na shiga gida. Tana kan kujerarta. Na ajiye ambulan a kan tebur na zauna nesa kaɗan, inda tsinken saƙa ba zai kai ba.

"Uwargida, na yi miki ƙarya ban sani ba. Kusurwar nan ni kaɗai take tare wa. Gilashin yana ganinki. Kina cikin kowane hoto."

Hannunta ya tafi ga mayafi. "Ka aika?"

"Ba wanda ya gani sai ni da mai shago, shi ma ya kau da kai. Ga su nan. In kin ce a ƙona, ga ashana, katin ma a goge."

"Ni za a koya wa kyamara," ta ce, da irin muryata. "Kyaftin na ƙasa. Mutum ya tsufa bai iya sauraro ba."

Ta tashi ta shiga kicin. Na ji tukwane suna shan wahalar da ni ya kamata in sha. Ban motsa ba. Can ta fito tana goge hannu, ta tsaya a kan tebur, ta zaro hotunan ta kife su. Ta juya ɗaya. Ta kai shi bakin taga.

"Bakin ya karkace."

"Ya karkace."

"Ko a'a ba za ka ce ba?"

"Ƙarya ɗaya ta ishe ni a mako."

Ta juya wani, ta juya wani. Ta daɗe a kan na mai aski.

"Na zaci ya fi haka," ta ce a hankali. "A madubi in na tsaya, gwada shi nake yi, in ja nan in ja can. Ban taɓa ganinsa yana dariya ba." Ta matso da hoton kusa da ido. "Kai, dubi ɗankwalina. Ba ka iya ce mini ya zame ba?"

"Ina na gan ki?"

Ta ware guda ɗaya. A ciki ta sa 'yar hular jaririn a kan dunƙulen hannunta tana nuna wa kyanwa, baki buɗe, ido a ƙanƙance.

"Wannan. Shi kaɗai. Ka ce wa Auta ta daina yi wa fanka kuka." Ta tattara sauran ta tura ƙarƙashin kwandon saƙarta, ban ji ta nemi ashana ba. "Wane gilashin ka ɗauka?"

"Ƙaramin zan ɗauka. Ba nauyi, kuma ba ya ɓoye mini komai."

"Mayar da shi. Babban za ka karɓo."

"Ai yanzu kin san yana kama ki."

"Na sani. Shi ya kama ni ban ji komai ba. Kai ne ba na so ka zuba mini ido kana ɗago kai, juyo nan, saki fuska. Ka ci gaba da ɗaukar kyanwarka. Ni ina da wurin zama."

Washegari na koma wurin Likita na ajiye ƙaramin a kan koren ƙyalle. Ya tura wa Auta hoton a gabana. Na ce babban na zaɓa, da hularsa. Na ɗan yi tari, na ce lanƙwasasshen ƙarfen nan na babban yatsa, yana nan?

"Matashin kai, Baba?"

"Kawo dai. Kuma in kana da wani abin da ya kamata in sani, faɗi, ina ji."

Ya faɗi abubuwa da yawa, har da yadda ake goge gilashi ba da bakin riga ba. Na saurara har ƙarshe.

Kafin in isa gida Auta ta riga ta kira. Na tarar da uwar tana riƙe da wayar, yarinyar tana cewa, "Mama, ɗan matso, rabinki kawai nake gani." Na leƙa ta kafaɗarta. Fankar tana nan ta cika allo, amma can ƙasa a kusurwa ga ido ɗaya, ga kumatu, ga gefen bakin nan.

"Nan ne wurina," in ji uwar Auta. "Ke dai gaya mini, ƙafafun sun daina kumbura?"